Zuwa Ga Sarkin Bakan Bakin Titi

Ranka ya daɗe Sarkin Baka, dodon barewar Amurka, mai bindiga sabuwa fil wadda har yau ba ta san warin jini ba! Ubangidanka ɗan gwaggonka ne ke gaishe ka. Ba sai ka durƙusa ba, na san gwiwar ba ta iya ɗaukar wannan tumbin. Hotunan bana sun iso, kuma ba su da maraba da na bara da na bara waccan: riga da hula ruwan lemo, takalmi har ƙwauri, tabarau mai hangen nesa rataye a wuya, butar shayi a hannu, murmushi har kunne. Abu ɗaya ne mai ɗaukar hoton yake mantawa da shi kullum, wato barewar. Gwaggonka ta juya wayar sama ta juya ta ƙasa, ta ce ko dai naman yana bayanka ne ka tare shi. Na ce mata mai yiwuwa ne, bayan ɗan kawu zai iya ɓoye saniya ma.

Uzurinka kuwa duk dangi sun haddace shi. Wai kai talaka ne, a dajin gwamnatin Fensilbaniya kake farauta, inda kowa da kowa ke shiga, an karkashe komai an share. Wai manyan kishimai masu ƙaho reshe-reshe duk suna can filayen masu hali, bayan shinge, suna cin masara suna hamma. To gyara zama in warware maka, domin ni da ban taɓa riƙe bindiga ba, naman da na ci bana ya fi naka.

Bari in fara ba ka haƙƙinka, kada ka kai ƙarata wurin Kawu. Ba duka maganarka ce ƙarya ba. A dokar Amurka naman daji na jama'a ne gaba ɗaya, hukumar jiha ce ke riƙe musu amanarsa, amma ƙasar da yake takawa tana da mai ita. Barewa taka ce, gonar da take kwance ba taka ba ce, kuma in ka tsallaka ka ɗauko taka sai ka kwana a hannun 'yan sanda. A jiharku tun 2020 mai fili ba ya ma wahalar kafa allo. Ya shafa wa bishiyoyin iyaka fenti mai launin shunayya, shi ke nan ya ce maka kada ka shigo. Gwamnatin tarayya tana da eka wajen miliyan 640, amma yawancinsu suna yamma ne, irin su Nebada, nesa da inda barewa mai farar wutsiya ta fi yawa. A Teksas kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasar mallakar mutane ce, kuma duk mai son farauta sai ya biya hayar fili. Shi ya sa cikin barewa wajen miliyan 6 da ake kashewa kowace shekara, kusan tara cikin goma a filayen mutane suke faɗuwa. Har nan dai ka yi gaskiya, kuma na san abin ya ba ka mamaki kamar yadda ya ba ni.

Cunkoson da kake kuka da shi ma gaskiya ne. Ranar buɗe farautar bindiga, Asabar ɗin da ke bin bikin cin talo-talon Amurkawa na ƙarshen Nuwamba, mutum wajen rabin miliyan ke kwarara cikin dazukan jiharku. Kafin 2019 ranar Litinin ake buɗewa, kuma makarantu da dama a karkara rufewa suke yi, don malamai da ɗalibai duk sun tafi daji. Wanda ya fi shan wuyar wannan rana shi ne saurayin kishimi ɗan shekara ɗaya da rabi. Uwarsa ta sallame shi, ya bar inda aka haife shi ya faɗa dajin da bai sani ba, ga ƙaho ya fara tsirowa yana jin kansa wani ne, ga hankali babu. Ka gane shi ai, haka kake lokacin da ka fara gemu. A gundumar Sussex ta jihar Delaware, masu bincike na jami'ar jihar sun ɗaura wa irin waɗannan samari abin wuya mai na'urar bin sawu. Na dajin gwamnati waɗanda suka ga baɗi ba su kai rabi ba, na filayen mutane kuwa kusan uku cikin huɗu sun tsira. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Maharbin dajin kowa yana cewa a ransa, in na ƙyale shi, na bayan waccan bishiyar ba zai ƙyale shi ba, gara in rigaye shi. Mai fili kuwa ya san ba wanda zai taɓa masa, sai ya bar shi ya girma.

Amma kada ka yi wa kishimin mai kuɗi hassada, Ɗan Kawu, domin ƙyalewar ba ta tausayi ba ce. Ragon layya ne a turke: ana ba shi dusa, ana shafa bayansa, ana kuma ƙirga kwanaki. Tun 1988, lokacin da wani masanin namun daji mai suna Joe Hamilton ya kafa ƙungiya a Karolina ta Kudu don koya wa mafarauta haƙuri, masu filaye suka rungumi aƙidar barin ƙarami ya tsufa. A 1989 kashi 62 cikin 100 na mazan barewar da aka kashe a ƙasar 'yan shekara ɗaya da rabi ne. Zuwa 2020 sun koma kashi 26, masu shekara uku da rabi zuwa sama kuma sun kai kashi 41. Mai fili zai shuka masa ciyawa mai daɗi, ya ɗaura kyamara a kowace bishiya, ya san inda yake kwana da inda yake shan ruwa, har suna yake raɗa masa. A Teksas akwai na'urar da ke watsa masara a kan lokaci, barewa na jin ƙararta ta taho da kanta. Ranar da ƙahon ya cika, wajen shekara biyar ko shida, ranar ce zumunci zai ƙare. Filin mai hali aljannar yaro ce, amma tsoho ba ya barci a cikinsa da ido biyu rufe. Kuma kada ka yi mafarkin watsa masara a naku dajin, a yawancin Fensilbaniya laifi ne, ga shi na san kafin ka isa ka gasa rabinta ka cinye.

Ko a dajin gwamnatin ma, an daɗe da ɗaure wa masu saurin hannu yatsa. Kafin 2002, kusan takwas cikin goma na kishiman da ake kashewa a jiharku yara ne. Sai wani ma'aikacin hukumar namun daji mai suna Gary Alt ya bi gari-gari yana shan zagi a ɗakunan taro, har aka kafa dokar cewa ba a harbin namiji sai yana da aƙalla tsini uku a ƙaho ɗaya, a wasu yankunan yamma ma sharaɗin ya fi haka tsauri. Yau fiye da rabin waɗanda ake kashewa sun kai shekara biyu da rabi ko fiye. Ma'ana, manya sun ƙaru a dajin da kake cewa an share. Na dai tausaya maka a nan, domin dokar tana bukatar mutum ya ƙirga har uku cikin sauri, kuma duk wanda ya zauna aji ɗaya da kai ya san wannan ba ƙaramin zalunci ba ne.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa. A farkon shekarun 2000, malaman Jami'ar Jihar Fensilbaniya sun ce bari su bar barewa ta huta, su bi sawun mafarautan kansu. Suka shiga dajin gwamnati na Sproul, suka riƙa leƙen mutane ta jirgin sama, suka kuma ba wasu na'urar bin sawu su sa a aljihu. Abin da ya fito shi ne kashi 87 cikin 100 na mafarauta ba su wuce rabin kilomita daga titi ba. Rabin kilomita, Sarkin Baka! Bai kai daga gidan Kawu zuwa masallacin Juma'a ba. Kuma duk inda ƙasa ta fara tashi sama, sai adadinsu ya riƙa raguwa. Abin da ya fi ba ni dariya, da aka tambaye su nisan da suka yi cikin daji, abin da suka faɗa ya ninka na na'ura fiye da sau biyu. Da na ji haka sai hankalina ya kwanta, na ce ashe ɗan kawuna ba shi kaɗai ba ne, ya samu dangi a can. Kai da ka ce mana ka ratsa tsauni bakwai har ka ji kukan kerkeci, alhali a gefen hoton ana hango madubin motarka.

Barewa kuwa ta riga ku karanta wannan sakamakon. Tun 2013 jami'ar nan da hukumomin jiha suke bin sawun barewa a dazukan Rothrock da Bald Eagle da Susquehannock. Dabbar da ke yawo cikin fili kamar eka 640 a sauran lokuta, in an buɗe farautar bindiga sai ta takure da rana cikin eka kamar 100. Ba ta barin ƙasar, ba ta tsallakawa gonar wani attajiri. Hawa take yi kan gangaren tsauni mai tsayi, ta kutsa cikin sarƙaƙiyar da mutum ba ya ratsawa sai da rarrafe, ta kwanta inda iska ke kawo mata labarin baya, ido kuma na ba ta labarin ƙasa. In dare ya yi ta sauko ta ci abincinta, domin ta san doka ta ba ku daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta ne kawai. A tsaunukan arewa ta tsakiyar jihar har an samu cewa matan barewa na dajin gwamnati sun fi na filayen mutane tsira daga harsashi, saboda faɗin dajin da wuyar hawansa. Kishimin da ya tsallake shekararsa ta farko a irin wannan wuri ya gama makaranta. Ya ga abin da ya sami 'yan'uwansa a bakin titi, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Yana can sama yana kallonka kana zuba madara a shayi. Na tabbata ya san lambar motarka.

Kuma ba ya ɗaukar lokaci kafin ya gane. A Oklahoma, cikin 2008 da 2009, an ɗaura wa manyan kishimai 37 na'ura a wani makeken fili da aka raba uku: wani ɓangare ba maharbi ko ɗaya, wani maharbi ɗaya a kowace eka 250, wani kuma ɗaya a kowace eka 75. Cikin kwana uku na farko dabbobin sun sauya hali, sun rage yawo, sun koma duhuwa, ganinsu ya yi wuya, alhali na'ura na nuna suna nan daram. Lura da kyau, wannan filin ba na gwamnati ba ne. Barewa ba ta karanta takardar mallakar ƙasa, sawun takalmi take ƙirgawa. Filin mutum mai eka 50 da ya tara 'yan'uwa da surukai goma ya fi wani lungun dajin gwamnati hatsari. A Alabama ma masu bincike na Jami'ar Auburn sun ga cewa yawon rana na barewa yana raguwa Asabar da Lahadi, sa'annan ya dawo daidai wajen Alhamis da Juma'a. Har kalanda suke da ita. Kai kuwa yaushe kake fita? Asabar, bayan hantsi, bayan ka cika ciki da ƙosai da kunu, ka tsaya a hanya ka sayi kofi.

Sai maganar ƙamshi, wadda na daɗe ina so mu yi a gaban shaidu. Rigar lemon da doka ta tilasta maka ba ita ce matsalarka ba. Idon barewa ba ya rarrabe ja da ruwan lemo sosai, an sa ku sawa ne don kada ku harbe juna. Shuɗi ne take gani tar, kai kuma ga ka da shuɗin wandon jins kamar mai zuwa zance. Hancinta kuwa shi ne jarinta. Turawan da ka gani suna wanke kayan farauta da sabulu marar ƙamshi, suna duba inda iska ke kaɗawa kafin su zaɓi bishiyar da za su hau, ba hauka suke yi ba. Kai kuma amarya ta turara maka rigar da turaren wuta, ka ƙara da ɗan Dubai a bayan kunne, ka tauna goro, ka shiga daji. Tun kana rufe ƙofar mota kishiman gundumomi biyu sun san Bahaushe ya iso. Ga waya ba ka kashewa, ga tari, ga ka da gaisuwa: na ji an ce ka taɓa ɗaga wa wani maharbi murya daga nesa kana tambayarsa ya iyali. Maharban garinmu na da, mutum zai ɗaura kan burtu a goshi, ya sunkuya yana tafiyar tsuntsu tun safe har ya kusanci nama, da baka da kibiya kawai. Kai da za a ɗaura maka burtu, barewa za ta ce yau ga tsuntsu mai hawan jini.

Ko lokacin barbara, farkon Nuwamba, lokacin da hankalin tsohon kishimi ke gushewa yana bin mata dare da rana ba ci ba sha har ya zubar da kusan ɗaya cikin biyar na nauyinsa, bai taɓa rikicewa har ya biyo ta gabanka ba. Shi yana ramewa, kai kana ƙara huda a bel. A watan ne kuma suke yawan tsallaka titi a guje, kuma jiharku tana sahun gaba a karo tsakanin mota da barewa. Don haka ni a lissafina motarka ta fi bindigarka damar kawo nama gida. Na san doka ta yarda ɗan jiha ya ɗauki wadda mota ta buge, in ya sanar da hukuma cikin awa 24 aka ba shi lambar izini. To kada in ji, kada in gani. Mushe ne, Ɗan Kawu, ko da hukuma ta buga masa hatimi.

Amma fa in ana rabon lambar yabo, ni zan fara sa hannu a ba ka. A wajen 1900 barewa mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa a Amurka, saura kamar rabin miliyan, saboda 'yan kasuwar nama da fata. Dokar Lacey ta wannan shekarar ta toshe safarar naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, jihohi suka sa lokacin buɗewa da rufewa da iyakar abin da mutum zai kashe, sa'annan dokar 1937 ta juya harajin bindiga da harsashi zuwa kula da namun daji. Yau harajin kashi 11 ne cikin 100, barewa kuma ta kai wajen miliyan 30. Filayen farauta na hukumar jiharku, eka fiye da miliyan ɗaya da rabi, yawanci da kuɗin mafarauta aka saye su. Ka sayi lasisi, ka sayi bindiga, ka sayi harsashi kwali-kwali, ka biya haraji a kan kowanne, kuma ba ka taɓa cutar da ko gashin wutsiya ɗaya ba. Ina barewa za ta sami masoyi kamarka? Da suna da majalisa da tuni sun naɗa ka Garkuwan Kishimai. Kuma kafin ka ce mu ma me muka tsinana, na riga ka faɗa: mu nan mun ci namu har yaro na iya girma a karkara bai taɓa ganin barewa da idonsa ba, sai a karin magana. Wannan dajin da kake rainawa, inda direban tasi da gwamna ke shiga da lasisi iri ɗaya, ka riƙe shi da daraja.

Ga shawara kyauta, ko da yake kyautar taubashi ba ta rasa ƙugiya. Ka nemi hutu ranar Alhamis. Ka tashi tun kafin asuba, ka yi sallarka a can. Ka duba taswira ka nemi wurin da ya fi nisa da kowane titi, ya fi kowane tsayi, wurin da zuciyarka ta ce maka a'a, to nan za ka nufa. Iska ta riƙa bugun fuskarka, ba ƙeyarka ba. Ka bar turaren a gida, ka bar wayar a mota, ka bar bakin a rufe. In ya fito ka ƙirga tsinin a hankali, da yatsu in ta kama, ka yi bisimilla kafin ka danna. Ka kuma tuna duk abin da ka kashe a can sama kai za ka jawo shi har ƙasa, don haka ka tafi da wani yaro mai ƙarfi, domin ba na son a bugo mana waya a ce an sauko da kishimi da maharbi a kan makara ɗaya.

Sayar da naman haramun ne a dokarsu, saboda haka ba ka da hujjar hana ni rabona, kuma kuɗin sharata na watan cika-ciki har yau bai iso ba, ina nan ina lissafi da riba. Ka gaishe da amarya, ka ce mata ta ci gaba da sayo kaza, kada ta dogara da kai. Ni dai addu'ata gare ka kullum ɗaya ce: Allah ya haɗa ka da kishimi kurma, makaho, mai fama da mura, wanda ya gaji da duniya ya sauko bakin titi da ƙafarsa. In ka kuskure wannan ma, to ka sayar da bindigar ka aiko min da kuɗin.